Ƙwaro Mai Hannu a Ɗakin Inna Sabuwa

Lakwaya, farkon damina

Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum. Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ke kaɗai zan faɗa wa. Amma bari in fara gaishe ki, kada ki ce tun da kika tare a Kabo na manta da ladabi. Yaya gida? Yaya Malam Abdulnasir da aiki? Zayyad ya fara tafiya, ko har yanzu rarrafe yake? Iyayenki suna lafiya. Baffa Hambali ya gama sabon ɗakinsa na bulo, har an shafa masa fenti shuɗi, Umma Fatsuma tana ta nuna wa baƙi. Ƙanwarki Naja'atu ta yi wawulo, ba ta yarda ta yi dariya a gaban mutane. Inna Sabuwa tana nan da ciwon gwiwarta.

Ban kira ki ba saboda kin san waya ɗaya ce a hannun matan gida, ta Umma, kuma da mutum ya kara ta a kunne kowa zai bar aikinsa ya saurara. Ni kuma ko babu kowa bakina nauyi gare shi. Shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafina na firamare. Jibirin mai awo zai kawo miki in zai shiga kasuwarku.

Tun da ruwa ya sauka, wasu ƙwari suke fitowa a ɗakinmu ni da Inna. Kullum ina riga kowa tashi in share su, in kai bayan gida in binne don kada wani ya gani. Ba gyare ba ne, Yaya. Na san gyare, ke kika koya mini tonon raminsa a jigawa, mai ƙaton kai da manyan cinyoyi, ana taɓa shi ya yi tsalle. Ba kuma tsanya ba ce, baƙar nan 'yar ƙarama mai kuka a bayan randa. Wannan ya kai tsawon yatsana na tsakiya. Launinsa irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, jikinsa da gashi mai laushi kamar karammiski. Bai cika tsalle ba, gudu yake, har da baya da baya yana yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙafafunsa na gaba. Gajeru ne masu faɗi, da 'yan yatsu a jiki, sak hannun mutum. Na taɓa damƙe ɗaya a cikin tsumma, sai na ji yana buɗa yatsuna da ƙarfi kamar mai tura ƙyaure.

Inna ba ta tsoronsu. In ta ga ɗaya sai ta ce, "Zinnira, ga baƙinmu nan, ko sallama babu." In na ɗauko takalmi ta ce, "Bar su, 'yar nan. Su ma ba da son ransu suka baro gidansu ba."

Kin san abin da ake raɗawa a kan Inna tun rasuwar mijinta, kakanmu Alhaji Jalo. Wai ba ta haihu a gidan ba, wai idonta ja ne, wai ita ce ta ƙarshe da ta ba shi ruwa. Ni kuwa ita ta riƙe ni tun da mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta yi aure nesa. To ga abin da na ɓoye. Ranar da na fara ganin hannun ƙwaron nan, ta dama mini fura da safe, na ce na ƙoshi. Ba ƙoshi na yi ba, tsoronta na ji. Daga baya na yi kuka na sha furar, amma tsoron bai tafi duka ba.

Don Allah ki tambayar mini Malam, tunda shi malamin gona ne. In ƙwaro ne mai suna kamar sauran ƙwari, hankalina zai kwanta. Kada ki faɗa wa kowa a gida, ko Umma.

Ƙanwarki,
Zinnira

*

Kabo

'Yar Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ina dariya ina share hawaye. Ashe mai shirun gidanmu tana da magana haka? Mu nan lafiya ƙalau. Zayyad ya fara takawa, ya kuma fara ɓarna, jiya a cikin randa na tsamo ludayina. Ki gaishe da Inna da jiki, ga man zafi nan na haɗo mata a leda.

Na karanta wa Abban Zayyad wajen da kika siffanta ƙwaron kawai, ban karanta masa sauran ba. Ya ce kina da ido. Yana da zato, amma ba ya son faɗin abin da bai gani ba. Ki kama ɗaya ki sa a kwalba mai murfi, ki ɗiga kananzir don kada ya ruɓe, ki ba Jibirin. Ya ce kuma ki faɗi ta wane gefen ɗakin suke fitowa, da ko akwai abin da ya sauya a gidan bana.

Maganar tsoron Inna kuwa, ki cire ta daga ranki. Bayan da ya goye ki shi ya goye ni. Surutun mutane ne ya shiga kanki. Abin da kika faɗa mini ya shiga cikina, ba zai fito ba.

Yayarki,
Badi'a

*

Lakwaya

Yaya Badi'a,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ke da Malam da Zayyad mai jefa ludayi. Inna ta gode da man zafi, ta ce Allah ya raya miki shi, ya ba ki mai yi miki. Kowa lafiya sai Naja'atu, zazzaɓi ya kama ta, in ya sauka da safe sai ya dawo da la'asar. An kai ta kemis an fara yi mata allura.

Ga kwalbar nan. Ta man kitson Inna ce, na wanke ta. Na zaɓi mafi girma a cikinsu. Na naɗe ta a tsohon ɗankwalina mai ruwan goro, na ce wa Jibirin man shanu ne. Ya sunsuna ya ce, "Shanun Lakwaya kananzir suke sha yanzu?" Na sunkuyar da kai, ya yi dariya ya sa a aljihu.

Amsar tambayar Malam. Ta gindin bangon gabas suke fitowa, inda nake shimfiɗa tabarmata, ta bayan adakar Inna. Abin da ya sauya a gida kuwa, ban ga komai ba sai ɗakin Baffa. An gina shi ne a inda rariyar tsakar gida take, magina suka toshe ta, suka huda wata a lungun da ke tsakanin ɗakinmu da katanga. Sabuwar ƙarama ce kuma ta yi sama. In an yi ruwa lungun cika yake, agwagin Umma su yini a ciki. Ban sani ba ko irin wannan yake tambaya.

Shekaranjiya ɗaya ya kuɓuce mini ya fito ƙofar ɗaki. Umma ta gan shi, ta ja da baya tana a'uziyya. Ta ce, "Wannan daga ina?" Na ce daga waje. Ba ta kalle ni ba, Inna ta tsura wa ido, ita kuma tana zaune tana tsince wake ba ta ma sani ba. Don Allah ki hanzarta da amsa.

Zinnira

*

Kabo

Zinnira,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri. Kwalba ta iso. Abban Zayyad aiki ya sha masa kai, lokacin rabon taki ne, bai zauna ya duba da kyau ba. In ya duba zan sanar da ke.

Yaya jikin Naja'atu? Na yi waya da Umma, muryarta duk ta dushe don kuka. Ta ce za ta zo nan ta karɓo mata rubutu wajen wani malami, za ta kwana a wajena.

Abu ɗaya nake so ki yi mini, kuma kada ki tambaye ni dalili. Ki ɗauke tabarmarki daga jikin bangon gabas ɗin nan. In da hali ma ki koma ɗakin Umma da kwana har damina ta wuce, ki ce za ki taya ta jinya. Ki yi wannan yau, kada ki bari sai gobe.

Badi'a

*

Lakwaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Naja'atu ta fara cin abinci.

Da na karanta takardarki na ɗauka Malam ya rasa sunan ƙwaron, ke ma tsoron Inna ya kama ki, shi ya sa kika ce in bar ɗakin. Sai nawa tsoron ya dawo sabo. Na naɗe tabarmata na ce zan taya Umma jinya. Inna ta miƙo mini bargona ta ce ɗakin bulo sanyi gare shi.

Umma ta dawo daga wajenki ranar Alhamis. Tana kwance kayanta na hango ɗankwalina mai ruwan goro. Na ce a raina ko kin wanke ne kin aiko mini da shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baffa ya tara kowa a tsakar gida, har da matan maƙwabta. Umma ta kife turmi, ta kwance ɗankwalin, ta ɗora kwalbar a kai. Mata suka riƙa zuwa suna leƙawa suna komawa da baya. Wata ta ce, "Hannu ne fa, har da yatsu." Wata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin irin wannan halitta ba. Sai aka kira Inna, ta fito da sandarta tana cewa, "Lafiya, ko rabon gado za a sake?" Ba wanda ya yi dariya.

Umma ta ce, "Daga ɗakinta suke fitowa. Baƙinta take kiransu, ba ta bari a kashe. Ba ni na ƙirƙira ba, yarinyar da ta riƙa ce ta faɗa. Har furarta ta ƙi sha don tsoro."

Kowa ya juyo kaina. Inna ma ta juyo. Ta ce, "Haka ne, 'yar nan?" Ba da faɗa ta tambaya ba, kamar yadda take tambaya ko na yi sallah. Yaya, sai na kawar da kai ina kallon ƙasa. Ta daɗe tana jira, sannan ta ce, "To."

Aka fito da Naja'atu aka kwantar a tabarma, aka ce Inna ta tsallake ta, wai in ita ta kama kurwarta ta saki. Inna ta ce, "Ni na yanke wa yarinyar nan cibiya. In tsallakawa ce za ta ba ta lafiya, ku kwantar da gidan duka in tsallake." Amma gwiwarta ba ta ɗaguwa sai an riƙe ta, kuma babu wanda ya yarda ya taɓa ta. Tana tsaye tana gwadawa, sanda tana rawa. Ni na tashi na ba ta kafaɗata. Ta dafa ni sama-sama, kamar mai dafa kayan aro.

Baffa ya yanke cewa da an gama girbi za ta koma wajen danginta a Masanawa. Kin san ba ta da kowa a can sai ɗan ƙaninta da ko fuskarsa ba ta riƙe ba. Ta ce, "Da ƙuruciyata aka kawo ni ɗakin nan, Hambali, daga cikinsa za a ɗauke ni." Ya tashi ya fita. Na lura har aka watse bai kalli kwalbar ba.

Yanzu an ware mata moɗa da kwano. Yara ba sa karɓar gyaɗarta. In ta fito shan hantsi, mata su janye 'ya'yansu.

Maganar baƙi da maganar fura a wuri ɗaya na faɗe su, kuma ga mutum ɗaya. Kin ce siffar ƙwaro kawai kika karanta wa Malam. Wa kika karanta wa sauran?

Zinnira

*

Kabo

Ƙanwata,

Sallama. Na kasa cin abinci ranar da takardarki ta zo. Wallahi ban yi nufin abin ya kai haka ba.

Umma ta ga kwalbar a kan taga, ta gane ƙwaron, ta gane ɗankwalinki. Ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa 'yarta tana mutuwa ni kuma ina ɓoye mata abu. Ke ba ki taɓa ganin mahaifiyarki tana birgima a gabanki ba. Na ce bari in faɗa mata kaɗan don ta natsu, kaɗan ɗin ya ja sauran. Ban san ta sa kwalbar a jaka ba sai bayan ta tafi.

Amma ki duba, Naja'atu ta tashi. Umma ta ce kwana biyu da tsallakawa ta nemi tuwo. Ban ce Inna ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce, Allah ne masani. Ki bar manya da abinsu, ke yarinya ce.

Na yi magana da Abban Zayyad, ya yarda ki dawo wajenmu. Akwai ƙaramar sakandare kusa da mu, za mu sa ki in an koma hutu. Kin daɗe kina son wannan. Ki haɗa kayanki ki biyo Jibirin. Kafin nan ki ci gaba da kwana a ɗakin Umma, kada ki koma wancan.

Yayarki duk da haka,
Badi'a

*

Lakwaya, tsakiyar damina

Yaya,

Assalamu alaikum. Jibirin ya zo ya koma har sau nawa ban ba shi komai ba, don ban san abin da zan rubuta ba. Kowa lafiya. Naja'atu ta warke, kuma ranar da ta nemi tuwo ita ce ranar da aka yi mata allurar ƙarshe, amma ba mai son jin wannan. Ana ta ruwa.

Na sami sunan ƙwaron, ba daga wajenku ba.

Umma ta aike ni fadama in kai wa masu dashen shinkafa abinci. Na tarar da Iya Ummukulsum, tsohuwar nan mai lambu, tana gyara kunya. Ta kafta fartanya, sai ga shi ya fito daga laka yana gudu, da gashinsa da hannuwansa. Na saki kwano. Ta ɗauke shi da hannu ta jefa wa balbelu, ta ce, "Ke 'yar tudu ce, ko? Masu gero da gyaɗa ba ku san komai ba sai fara." Na ce mene ne shi. Ta ce su dai gyaren fadama suke ce masa. Hannun da nake tsoro fartanyarsa ce, da shi yake haƙa. Ba ya cizo, ba ya harbi, saiwar shuka kawai yake ɓata musu. Na ce yana shiga ɗaki? Ta ce ɗaya yakan biyo hasken fitila ya ɓata hanya. Na ce in kullum ne fa, da yawa, daga gindin bango? Ta daina aiki ta dube ni. Ta ce, "Wannan ba ya zama sai inda ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Ɗakin wa?" Ban faɗa ba. Ta ce, "Ko na waye, in ginin ƙasa ne, a fitar da shi kafin marka."

Da na dawo na shiga ɗakin Inna, rabona da shi tun ranar Juma'ar nan. Tana zaune a bakin gado. Na ja adaka gefe. Daɓen da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi, ƙasan adakar ya yi funfuna. Na danna gindin bango da babban yatsa, ya shige kamar a cikin tuwo. Akwai tsaga da ta taso daga ƙasa ta kusa kai tsayina. Na zagaya lungu, ruwa ya kai idon sawu. Duk ruwan tsakar gida da na indararon sabon ɗaki a nan yake kwana.

Na faɗa wa Umma. Ta ce, "An fara shanye ki ke ma." Na tari Baffa a zaure, karon farko a rayuwata da na fara yi masa magana kafin ya yi mini. Na ce matsalar rariya ce, a buɗe tsohuwar. Ya ce, "Yaushe kika zama magini? Tsohuwar rariya tana ƙarƙashin ɗakina. Wuce ciki."

Na roƙi Inna ta bar ɗakin. Ta ce, "In koma ina? Wa zai buɗe wa mayya ƙofa?" Gaskiyarta, har zaure an hana ta zama.

Sai na ɗauko takardunki na sake karantawa. Malam ne ya tambayi gefen da suke fitowa, da abin da ya sauya a gida. Mai irin wannan tambaya ya riga ya san rabin amsa. Ina aika miki maganar rariya, sai kika ce in ɗauke tabarmata daga bangon gabas, yau ba gobe ba, har damina ta wuce. Ni da wautata na ɗauka Inna kike tsoro. Maita ba ta san gabas da yamma ba, Yaya, kuma ba ta ƙarewa da damina. Bango kike tsoro.

Kin ce in fita. Ba ki ce in fito da ita ba.

Ki faɗa mini gaskiya. Lokacin da Umma take kuka a gabanki, kin riga kin san sunan ƙwaron?

Zinnira

*

Kabo

Zinnira,

Sallama. Muna lafiya, sai Zayyad da mura.

Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba. Ranar da kwalbar ta iso Abban Zayyad ya buɗe ta, ya karanta maganar rariya, ya faɗi duk abin da Iya Ummukulsum ta faɗa miki. Ya ce zai je Lakwaya ya sami Baffa. Ni na hana shi. Na ce ya bari, ni zan faɗa masa. Har yau yana zaton na faɗa.

Ki fahimce ni. Baffa saniyarsa ta ƙarshe ya sayar ya yi ginin nan. Magini ya ce masa kada a toshe rariyar, ya ƙi ji, a gabana aka yi wata rana da na zo ganin gida. In suruki ya zo daga Kabo ya ce a fasa daɓen sabon ɗaki, ya ce tsohuwar da aka tara gari a kanta ba ta da laifi, kuskuren maigida ne, da wane ido Baffa zai fita masallaci? Da wane ido Umma za ta kalli matan da ta kira? Iyayena ne, Zinnira. Na ce a raina bangon da ya yi shekaru a tsaye zai ƙara wata biyu, in Inna ta tafi a rushe ɗakin ba wanda ya ji kunya. Na fitar da ke, abin da na iya ke nan.

Ki matsar da gadonta bakin ƙofa. Ki zo Kabo, na riga na ɗinka miki kayan makaranta. Wata rana za ki gane.

Badi'a

*

Lakwaya

Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Zayyad lafiya. Ki gaishe da Malam, ki ce na gode, ya yi nasa.

Na matsar da gadon Inna bakin ƙofa, tun kafin ki faɗa. Na samo buhuna na cika da yashi na jera a lungu, ina kwashe ruwan da bokiti in an ɗauke. Tsagar ta ƙara buɗewa, yanzu hannuna yana shiga. Na gaya wa Inna sunan baƙinta. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ashe 'yan fadama ne, shi ya sa ba su iya sallama ba." Sannan ta dama fura ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Na shanye a gabanta, na miƙa kwanon ta ƙara.

Kayan makaranta ki ajiye wa Naja'atu, za ta girma ta same su. Ina son makarantar, kin sani. Ba zan zo ba.

Na faɗa wa Umma, na faɗa wa Baffa, ba su ji ba, don ni ce. Ke za su ji. Malam ma za su ji shi. Ba ni da wata hanya da zan sa ki magana sai ɗaya, kuma ke kika nuna mini ita, domin na ga akwai wadda ba ki so bangon ya faɗo a kanta.

Jiya da yamma na kwaso bargona daga ɗakin Umma. Ba wanda ya tambaye ni, ban kuma yi wa kowa bayani ba. Na mayar da tabarmata inda take, jikin bangon gabas. A nan zan riƙa kwana har ranar da za a buɗe rariya, a kuma tara matan da aka tara a faɗa musu sunan ƙwaron.

Kada ki ba Jibirin amsa, ba zan karɓa ba. In kina da amsa, wayar Baffa tana aljihunsa. Hadari yana haɗuwa ta gabas yanzu haka da nake rubutu.

Zinnira, 'yar Inna